Abin da Kawu Mai Majigi Ya Faɗa da Hannu

Duk faɗin Riyad, daga Utaiƙa har Nasiriya, har ka fita sahara ka tambayi raƙuma, babu mahaluƙin da ya san Kawu kamar yadda na san shi. Yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Shi ya nemo mini bizar da ta kawo ni ƙasar nan, a ɗakinsa na sauka, a bakinsa na koyi Larabcin da ake yi wa direban da ya sha gabanka ba sigina. In Kawu ya yi tari, ina iya gaya maka ko shayi yake so, ko so yake baƙo ya tashi. Sunan ma da kowa ke kiransa da shi, daga bakina ya fita. Ni ke cewa Kawu, sai Kanawa suka ɗauka, 'yan Maraɗi suka ɗauka, har kafilinsa, wato uban gidan da ya tsaya masa a ƙasar, wani tsohon Balarabe mai fararen gira, in ya leƙo sai ka ji ya ce, "Ya Kawu!"

Wannan maganar a tsakiyar ɗaki na tsaya na faɗa wa masu gaisuwa, ranar da Mai shi Ya karɓi abinsa. Na Allah ne mu, wurinSa muka nufa gaba ɗaya, wannan ban musa ba. Amma dai na faɗa, har da bugun ƙirji.

Kawu haris ne, wato mai gadin wani tsohon bene kusa da kasuwar gwari ta Utaiƙa, ɗakinsa na ƙarƙashin matakala. A wannan ɗakin muka yi zaman makoki. Takalman da suka taru a ƙofa, da an jera su sun kai Damam. Magina da ƙurar siminti a gira, direbobi da makullai a hannu, masu dakon tumatur da albasa, kowa ya zo. Amininsa, dattijon da muke kira Baba na Damagaram, yana kusurwa da carbi a hannu, ba ya ja. Idonsa na kan tsohuwar talabijin ɗin Kawu da aka lulluɓe da zane. Can sai wani ƙaton magini ɗan Maraɗi, wanda in ya tsaya a ƙofa sai an kunna fitila, ya fashe da kuka kamar yaron goye. Da ya lafa, ya share hanci, ya dubi jama'a ya ce:

"To wai don Allah, a ƙarshe jirgin nan ya taka ta ko bai taka ta ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Wani direba ya ce ya taka ta mana, shi da kunnensa ya ji Kawu ya faɗa. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, wanta ne ya zo a kan doki ya kwance ta. Na uku ya rantse mijinta ne, ba wanta ba, kuma ba doki ba ne, keke ne. Ana cikin ta'aziyya murya ta fara tashi, har sai da Baba ya ɗaga carbi aka yi shiru. Wani baƙon da ya shigo a daidai lokacin ya ɗauka wata 'yar'uwarmu ce jirgi ya taka, ya sake yi mana gaisuwa ta biyu.

Amma ruɗanin jirgi ƙarami ne. Babban shi ne, muna zaman makoki ba mu binne mamacin ba. Kawu na kwance a tallajar asibiti, ɗakin sanyin da ake ajiye gawa. Asibiti sun ce sai ɗan'uwa na jini ya faɗi inda za a kai shi: a rufe shi nan, ko a ɗora shi jirgi zuwa gida. Ɗan'uwa na jini a ƙasar nan ni kaɗai ne. Ni kuwa na riga na shelanta cewa Kawu ya bar mini wasiyya, da hannu ya yi ta, kuma ni kaɗai na iya karanta ta.

Sai na koma baya kaɗan, don 'yan zamani da aka haifa da waya a hannu.

Kawu yana saurayi ya bi wani ɗan kasuwa mai majigi. Mota ce da inji da farin ƙyalle, a shiga gari a kafa a filin kasuwa, jama'a su taru. Fayafayan da mutumin ke da su tsofaffin na Turawa ne, waɗanda tun asali aka yi su babu murya. Mutane na motsa baki, ba abin da ke fita. Don haka su uku ke aikin: mai juya inji, mai kalangu, da mai baki. Kawu ne mai baki. Shi zai tsaya gefen ƙyalle da sanda, ya zama matar, ya zama mugun, ya zama jinjirin, in ta kama ya zama karen. Daga baya majigi ya mutu, Kawu ya zo aikin hajji, ya zarce, ya yi tuƙi har idonsa ya gaza, kafilinsa ya ba shi gadin bene don kada su rabu.

Wata rana a kasuwar gwanjo ya tsinci wani faifan bidiyo, babu kwali, babu suna. Da ya saka, sai ga irin mutanensa na da: baƙi da fari, suna tafiya da sauri-sauri, suna zare ido. Ya ce mini a ranar ji ya yi kamar ya haɗu da 'yan garinsu a tasha. Lokacin babu gidan sinima ko ɗaya a garin nan. Daga nan kowace Juma'a, in an sauko masallaci an ci shinkafa, sai a rataya bargo a taga, Kawu ya ɗauki sandar tsintsiya ya tsaya gefen talabijin.

"Ku dubi idonta, jama'a! Ku dubi idon baiwar Allah! Wannan ido bai ga barci ba tun da mijinta ya tafi ci-rani. To ga shi nan. Ga Mai Gashin Baki da doguwar hula, mai gidan haya ne. Ku ga yadda yake murza gashin bakin nan. Mutumin kirki ba ya murza gashin baki haka. Me ya ce? Ya ce fita! Ta ce ina za ni da jinjiri, ƙanƙara na zuba? Ya ce halas, yalla, fita!"

Sai matar ta ɗora bayan hannu a goshi ta sulale ƙasa, ɗaki ya ɗauki salati. Na ga mutumin da ke ɗaga buhun siminti biyu a kafaɗa yana cizon hularsa. Na ga wanda ya jefi Mai Gashin Baki da silifa. Hawayen da aka zubar a ɗakin nan, da an tara da an yi noman shinkafa a Utaiƙa.

Fim ɗaya ne, amma ban taɓa jin labarinsa iri ɗaya sau biyu ba. Makon da aka riƙe wa wani fasfo, Mai Gashin Baki kafili ne. Makon da iƙamar wani, wato takardar zamansa a ƙasar, ta ƙare yana ɓuya, matar ba haya ta kasa ba, takarda ce ba ta da ita. Kafin ya fara, Kawu yakan bi fuskokin ɗaki ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zaɓen kankana, sannan ya ce a kunna. Ƙarshen kuwa kullum a bakinsa yake, domin faifan ya karce daidai inda aka ɗaure matar a kan hanyar jirgin ƙasa. Jirgi zai taho, ya taho, saura ƙiris, sai hoto ya ƙame. Kawu ya juyo ya gaya mana abin da ya faru, gwargwadon abin da ɗakin zai iya ɗauka a ranar.

Ƙanin matata, wanda ke aiki a kantin magani kuma yake taƙama da Turanci, shi ya fara kawo fitina. A irin waɗannan finafinan akan tsaya a nuna rubutu a baƙin allo. Rannan ya karanta, ya ce:

"Kawu, ai rubutun cewa ya yi ubanta ne, ba mai gidan haya ba."

Kawu ya ci gaba da labarinsa. Juma'a ta gaba ya zo da babbar riga. Duk sanda rubutu ya fito, sai ya matsa gaban talabijin ya buɗe hannuwa kamar shaho zai tashi.

"Kawu, ka tare mana."

"Wanda ya rubuta wannan, ya taɓa zama a ɗakin nan? Ya san wanda aka kora aiki jiya? Bai san ku ba. Ni na san ku. Zauna, likitan Panadol."

Sunan ya bi shi har yau.

Maginin nan ɗan Maraɗi kuwa, akwai dalilin kukansa. Shekarun baya matarsa ta aiko masa cewa ta gaji da auren waya. Ya daina ci, ya daina magana, yana hawa bene mai tsawo da idon da ba ya ganin gabansa. A Juma'ar, da fim ya kai inda matar ke zaune a taga tana kallon hanya, Kawu ya kashe talabijin ya ce, "Nan ya ƙare." Duk mun san da saura, ko jirgin ba a kai ba. Na buɗe baki, ya harare ni. Ya ce, "Tana jiransa. Amma taga akwai sanyi, jama'a. Wanda ya bar mace a taga, ya daure ya je ko hutu ne." Washegari ya sa babbar rigarsa ya tafi ofishin kafilin maginin, ya zauna a ƙofa yana shan shayinsu, kullum, har suka gaji da ganinsa suka ba mutumin hutu. Yanzu yaron da aka haifa bayan wannan hutun sunan Kawu gare shi.

Ni ma mun taɓa saɓawa. A tsakiyar fim ɗin akwai inda tsohuwa, uwar matar, ke kwance tana barin duniya. Duk surutun Kawu, in an zo nan sai ya sauke sanda, ya sunkuyar da kai, ya yi tsit har a rufe mata ido. Ni da na san shi ciki da waje, nan take na gane numfashi ne ke gaza masa, tsufa. Don haka wata Juma'a na taimaka masa. Na maƙale murya na zama tsohuwar: "'Yata, ga makullin akwati, kada ki ba mijinki, ɓarawo ne." Ɗaki ya kwashe da dariya, har wani ya ƙware da shayi. Kawu ya kashe talabijin, ya yaye bargo daga taga, ya ce, "Ku tashi, la'asar ta yi." La'asar kuwa da sauranta. Ya daina amsa gaisuwata har sai da azumi ya kama. Na yi nazari mai zurfi, na gano abin da ke damunsa: ya ga magajinsa ya fi shi murya. Na gaya wa kowa haka, kuma na yafe masa.

Shekarar da aka buɗe gidajen sinima a garin nan, muka yi masa gata muka kai shi. Bai kai rabi ba ya fito. Na same shi a waje yana toshe kunne da yatsa.

"Kawu, lafiya?"

"Kowa magana yake. Mutum magana, mota magana, iska ma magana. Sun faɗi komai da kansu. To ni da na biya kuɗi na shiga, me ya rage mini in yi?"

Bayan wannan ba da daɗewa ba ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya tafi tare da shi. Mutumin da ya ci abinci da baki tun yana saurayi ya koma kamar mutanen faifansa: ido na magana, leɓe na motsi, ba sauti. To wa zai zama mai bakinsa in ba ni ba? Na ajiye motar haya na tare a asibiti. In ya ɗaga gira, in ce wa nas shayi yake so. In an kawo ya ture, in ce ya fasa. In ya dubi silin, in ce yana tuna mahaifiyarsa. Likita ma har ya daina tambayarsa, ni yake tambaya.

Ranar ƙarshe, da hantsi, muna gefen gadonsa: ni, da Baba na Damagaram, da ƙanin matata, da tsohon kafilin. Baba na kusa da kunnensa yana maimaita kalmar shahada a hankali. Ni kuma na ga ɗakin ya yi nauyi, na ce bari in ɗebe masa kewa. Na tsaya ta ƙafar gado ina ba shi labarin yadda zai warke, mu sauka Kano, a yanka sa, a kafa masa ƙyalle a ƙofar gida, ni in riƙe sanda shi ya huta. Ina cikin haka sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Ya bugi ƙirjinsa da tafi sau biyu, sannan ya miƙe hannun ya tura shi gaba, tafin a buɗe. Ya sake yi.

Na ce, "Na ji, Kawu! Na gane! Ni, a tura ni can. Gida kake so! Wallahi ko a kaina zan ɗauke ka sai na kai ka!" Na shiga yi masa bayanin jirgin da za mu hau da wanda zai tarbe mu. Ya dube ni, wani irin kallo mai tsawo, ya lumshe ido. Kafin azahar ya cika.

To, a zaman makokin nan ne fassarata ta fara samun kishiyoyin fassara. Kafilin, da hawaye a gemu, ya ce sam. A ƙasar nan, in mutum ya dafa ƙirji, cewa yake a'a, na gode. Ya ce sau nawa yana yi wa Kawu tayin tikitin komawa, haka yake dafa ƙirji ya ƙi. Baba ya ce shi ba ƙirjin ya duba ba, inda hannun ya nuna ya duba: yamma ne, alƙibla, Makka yake so a kai shi. Na ce Baba, ai gida ma yamma ne. Muka fita waje muna nuna yamma da hannu, kowa na ganin garinsa a can. Ƙanin matata ya ce duk mun wahalar da kanmu, na'urar sanyaya ɗaki ce ke busa masa a ƙirji, cewa ya yi a kashe. Maginin ya ce shi kam ya san wannan hannun, haka matar fim take yi wa Mai Gashin Baki in ta ƙi shi.

Aka ce to a duba. A cikin makoki muka yaye zanen talabijin, muka rataya bargo, muka saka faifan. Muka zauna muna kallo. Wasu Turawa ne kawai ke shiga ɗaki suna fita da sauri, suna buɗe baki suna rufewa. Wata ta faɗi, wani ya murza gashin baki. Ba mu san wane ne wane ba. Fim ɗin da muka yi shekaru muna kuka a kansa, ashe ko sunan mutum ɗaya ba mu sani ba a ciki. Da jirgi ya taho ya ƙame, duk ɗakin muka juya gefen talabijin, inda sandar tsintsiya ke jingine.

Kwanaki suka fara tafiya. Ni na kafe a kan gida, Baba a kan Makka, kafili a kan nan. Dare ya yi in yarda da kaina, gari ya waye in yarda da kafili, da rana in wuce ta gaban asibiti in ji kamar ƙanin matata ne mai gaskiya. Kawu mutum ne da ko ruwan firji ba ya sha. A tsakiyar zafin Riyad, sanda kwalta ke kama takalmi, shi da rigar sanyi yake kwana in an kunna na'ura. Wannan mutumin ne ke kwance a tallaja yana jiran in gama karatu.

Baba ne ya tare ni a bakin matakala. Ya ce, "Ɗana, amininka ne ko nawa, ban sani ba kuma. Amma mutum na cikin ƙanƙara, kai kana fassara. Ba ka da uwa ne? Ba ƙanwarsa ba ce?"

Inna ta san da rasuwar, amma ni cewa na yi a gaya mata gawa na tafe, ban ga dalilin wahalar da tsohuwa da bayani ba. Muka kira ta ta bidiyo, jama'a sun kewaye ni. Kunnenta ya yi nauyi, don haka na jingine wayar a kan talabijin, na ja da baya, na yi mata abin da Kawu ya yi. Ƙirji sau biyu, hannu gaba.

Ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar. "Sake yi."

Na sake, har da lumshe ido.

"Wa Yaya yake kallo da ya yi haka?"

"Ni, Inna. Ni ya zaɓa."

"Kai kana me?"

"Ina ɗebe masa kewa."

Ta ja fuskarta baya daga wayar. Sannan ta ce, "Ina yarinya, in majiginsu ya zo kusa, a wuyansa yake ɗauka ta in je kallo. Duk garin da suka shiga, in mutuwa ta zo a ƙyalle, haka yake yi wa mai kalangu. Mai kalangu ya ɗauke hannu, shi ma ya rufe bakinsa, fili ya yi tsit har a rufe wa mamacin ido. Yakan ce ba a barin mutum ya fita duniya cikin hayaniya, ko da Baturen cikin hoto ne."

Ba wanda ya dube ni a ɗakin. Da sun dube ni ma da ya fi sauƙi. A nan Riyad ba mu da mai kalangu, shi ya sa ba mu taɓa ganin hannun ba. Shirun kawai muke gani, shi ma na ce numfashi ne.

Na ce, "To Inna, maganar inda za a kai shi fa?"

"Ƙasar can ba ta Allah ba ce? Ku fitar mini da ɗan'uwana daga sanyi. Yau."

Ba a samu yau ɗin ba, sai washegari bayan la'asar. Aka sallace shi, muka kai shi makwancinsa a maƙabartar garin da ya yi rabin ransa yana share wa matakala. Kafilin da kansa ya shiga ramin tare da maginin. Ƙasar da ɗumi, na taɓa na ji, na ji daɗin haka. Tun daga ɗaukar makara har aka gama zuba ƙasa ban ce ko a ba. Ƙanin matata ya ce sau biyu yana leƙa fuskata ya ga ko na suma a tsaye.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa inda yake kwance, Ya sanya ɗumi da haske a ciki. Yadda ya riƙa sauya wa bayin Allah ƙarshen labari don su iya fita aiki ran Asabar, Allah Ya kyautata nasa ƙarshen. Na rubuta wannan ne don kada a ce wani haris ne kawai ya mutu a Utaiƙa. Sandar tana nan, faifan yana nan, ba wanda ya ce in ɗauka, ni ma ban tambaya ba.

Da muka dawo daga maƙabarta na sake kiran Inna in gaya mata an rufe shi. Ta yi addu'a, na amsa. Sai na ga ya kamata in ɗan gyara zancen kafin ya bazu a dangi. Na ce, "Amma Inna, ko me aka ce, kin dai yarda duk cikin mutanen da ke ɗakin nan, ni kaɗai Kawu ya yi wa maganarsa ta ƙarshe."

Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Bawan Allah ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa a duniya don ya ce ka yi shiru, kai kuma ka kwashe mako kana yi wa mutane bayaninsa."